Yadda Ake Zaman Jiran Amsa Daga Makarantun Hafsoshin Sojan Amurka

Duk matashin da ya nemi shiga ɗaya daga cikin makarantun horar da hafsoshi na gwamnatin tarayyar Amurka ya san cewa wahalar cike takardu ba ta kai wahalar zaman da ke biyo bayanta ba. Makarantun biyar ne: ta sojan ƙasa da ke West Point, wadda aka kafa a 1802, da ta sojan ruwa da ke Annapolis tun 1845, da ta sojan sama da ke Colorado Springs, wadda aka kafa a 1954, sai ta dakarun tsaron gaɓar teku a New London da ta jiragen ruwan kasuwanci a Kings Point. Mai nema yakan shafe kusan shekara guda yana fama da jarrabawa da ganawa da gwajin likita, sannan ya wayi gari a ƙarshen Janairu ba shi da sauran abin turawa, shafinsa na intanet kuwa ba ya nuna masa komai sai cewa ana kan duba takardunsa. Daga nan har zuwa tsakiyar Afrilu, wani lokaci har cikin Mayu, zaman jira ne. Abin da nake so mai nema ya riƙe shi ne, takardunsa ba su rufe ba a wannan lokaci, kuma abin da yake aikatawa a cikin waɗannan watanni yana iya gyara masa al'amari ko ya ɓata shi.

Ka fara da gane dalilin jinkirin

Rabin fargabar masu jira daga rashin sanin yadda ake rabon gurabe take fitowa. Ban da makarantar New London, wadda ba ta neman haka, sauran huɗun suna bukatar wata hukuma da doka ta amince da ita ta tsayar da kai kafin a ba ka gurbi. Mafi yawan masu nema suna samun wannan tsayarwa ne daga ɗan majalisar wakilan mazaɓarsu ko ɗaya daga cikin sanatocin jiharsu biyu, wasu kuma daga ofishin mataimakin shugaban ƙasa, 'ya'yan sojojin da suka daɗe a bakin aiki kuwa suna da kason shugaban ƙasa. A manyan makarantun uku, wato na sojan ƙasa da na ruwa da na sama, kowane ɗan majalisa yana da ɗalibai biyar ne kacal da ake lissafawa a sunansa a lokaci guda, saboda haka galibi gurbi ɗaya ne yake buɗewa a shekara, shi kuma ya miƙa jerin sunaye da yawa a kan wannan gurbi. Wa'adin miƙa jerin shi ne 31 ga Janairu.

To, a nan ne jinkirin yake samo asali. Idan ɗan majalisa ya miƙa sunayen ba tare da ya fifita kowa ba, makarantar ce za ta auna su ta zaɓi wanda ya fi, kuma ba ta son yanke hukunci sai ta ga takardun kowa da ke cikin jerin sun kammala. Kana iya zama ka gama naka tun Oktoba, amma kana jiran wani ne da ba ka ma san shi ba, wanda likita bai gama da shi ba tukuna. Waɗanda suka cika sharuɗɗa amma ba su ci gurbin mazaɓarsu ba, ba a zubar da su, ana zuba su a jerin jira na ƙasa baki ɗaya, inda ake ɗibar mutane bisa cancanta don cike aji. Kowace daga cikin manyan makarantun uku tana ɗaukar kimanin mutum 1,200 a shekara daga cikin dubban masu nema, kuma tana fitar da amsoshin ne kashi-kashi. Saboda haka idan abokinka na wata jiha ya sami tasa amsar a Disamba, wannan bai faɗi komai game da kai ba, domin ba layi ɗaya kuke ba.

Haka nan ka bambance abubuwa uku da iyaye sukan cakuɗa. Tsayarwar ɗan majalisa ba gurbi ba ce, izinin shiga takara ce kawai. Wasiƙar tabbaci da makaranta take ba wasu fitattun masu nema da wuri ita ma alkawari ne mai sharaɗi, wanda ba ya cika sai an sami tsayarwa kuma an tsallake gwajin lafiya da na ƙarfin jiki. Takardar ba da gurbi ita kaɗai ce amsa. Na ga ya dace a faɗi wannan a fili, domin babu abin da ya fi ciwo kamar iyali su yi shelar an ɗauki ɗansu tun daga ranar da ofishin sanata ya bugo waya, daga baya su koma suna yi wa 'yan uwa bayani.

Batun lafiya, inda aka fi yin asara

Hukumar da ke duba lafiyar masu nema ita ce DoDMERB, ta ma'aikatar tsaro, kuma amsarta iri uku ce: ko ta ce ka cancanta, ko ta nemi ƙarin bayani, ko ta ce ba ka cika ƙa'ida ba. Idan ƙarin bayani ta nema, kamar takardun wani asibiti da aka taɓa kwantar da kai ko sake gwajin ido, kada ka bar saƙon ya kwana. Ka bugo wa asibitin a ranar, ka bi sawun takardun da kanka, domin mako biyu da za su yi a kan teburin wani ma'aikaci suna iya zama bambanci tsakaninka da wanda ke bayanka a jeri.

Idan kuwa aka ce ba ka cika ƙa'ida ba, misali saboda tarihin ciwon asma bayan cika shekara 13, kada ka ɗauka magana ta ƙare. Hukumar tana auna ka da ma'auni ne kawai, amma ikon ɗage sharaɗin yana hannun kowace makaranta, kuma takan duba yiwuwar hakan ga wanda ta ga yana da ƙarfi a takara. Wata makarantar tana iya ɗage maka, wata ta ƙi, a kan ciwo ɗaya. Wannan mataki yana cin lokaci ƙwarai, kuma da yawa daga cikin waɗanda ba sa jin komai har ƙarshen Afrilu a nan suke maƙale.

Sannan akwai abin da ke faruwa bayan an riga an wanke ka. Ka ɗauka wata Asabar ce a watan Maris, abokai suka ja ka wasan ƙwallon kwando a filin unguwa, ka yi tsalle ka dira a kan ƙafar wani, idon sawunka ya kumbura, likita ya ɗaure shi ya ce ka yi mako shida ba gudu. Ƙa'ida ta wajabta maka ka sanar da hukumar duk wani sauyi irin wannan, ko karaya ce, ko buguwar kai, ko tiyata, ko sabon magani da aka ɗora ka a kai. Zuciya za ta raya maka ka yi shiru tunda babu wanda ya gani, amma ramin ƙarya ƙurarre ne, domin za a sake duba ka ranar shiga makaranta, kuma wanda aka gano ya ɓoye abu ana iya mayar da shi gida a ranar, a makarantar da ta gina tarbiyyarta a kan cewa ɗalibi ba ya ƙarya. Ban ce ka daina wasannin makarantarku ba, tunda su ma suna cikin abin da aka auna ka da shi, amma wannan ba lokacin gwada babur ko sabon wasa mai haɗari ba ne. Duk wata tiyatar da ba ta gaggawa ba, musamman ta gyaran ido, kada ka yi ta sai ka tambaya, kuma idan kana da ƙarfen gyaran haƙori ka shirya da likitanka a cire shi kafin ranar shiga.

Karatu, hali da motsa jiki

Makarantun suna neman sakamakon zangon farko na shekararka ta ƙarshe a sakandare, kuma suna karɓar sakamakon ƙarshe kafin ka shiga. Ɗalibin da ya saki jiki ya faɗi lissafi ko kimiyyar sinadarai a watannin ƙarshe yana iya rasa gurbin da ya riga ya samu. Idan kuma wani abin kirki ya ƙaru, kamar an naɗa ka kyaftin ɗin ƙungiya ko ka sami maki mafi kyau a jarrabawar shiga jami'a ta SAT ko ACT kafin wa'adi ya cika, ka aika wa ofishin ɗaukar ɗalibai a taƙaice, tare da shaida.

Hali ma haka yake. Kamun 'yan sanda, ko dakatarwa daga makaranta, ko shan giya kafin shekara 21, duk suna iya rushe aikin shekara guda a dare ɗaya. Tabar wiwi ta halatta a dokar wasu jihohi, amma haramtacciya ce a dokar tarayya, kuma ana gwajin ƙwaya ga sababbin ɗalibai idan sun iso. Sharuɗɗan asali su ma suna nan har ranar shiga: a manyan makarantun uku dole ne ka kai shekara 17, kada ka cika 23 zuwa 1 ga Yuli na shekarar shiga, ba ka da aure, kuma babu wanda doka ta ɗora maka nauyin ciyarwa.

Game da jiki kuwa, kuskuren da ake yawan yi shi ne a ajiye motsa jiki da zarar an ci gwajin ƙarfi, wanda ya ƙunshi abubuwa shida, na ƙarshensu gudun mil ɗaya. Wancan gwajin ƙofa ce kawai. Wanda aka ɗauka zai bayyana a ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, ya faɗa horon farko, wanda a manyan makarantun uku yake ɗaukar kimanin mako shida, a Colorado Springs ma a tudun da ya haura mita 2,000, inda numfashi yake yi wa baƙo wuya. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wanda amsarsa ta zo a Mayu ba shi da isasshen lokacin da zai fara daga tushe. Ka riƙa gudu sau da yawa a mako kana ƙara nisa a hankali, don kada ƙashin ƙwaurinka ya tsage saboda gaggawa. Wannan yana da wani amfanin kuma, domin wanda ya yi gudun asuba ya fi samun barci a kan wanda ya kwana yana sabunta shafi.

Shi kansa shafin, ka sa masa lokaci, sau ɗaya a rana ya isa, tare da duba akwatin imel har da ɓangaren da saƙonnin banza suke faɗawa. Ka riƙa ɗaga wayar da ba ka san lambarta ba, saboda sau da yawa ofishin ɗan majalisa ne yake fara bugowa da albishir kafin makaranta ta sanar. Kowace makaranta tana da jami'an tuntuɓa a yankuna, kuma tambayarsu a kan abu takamaimai daidai ne, amma ba su ne masu yanke hukunci ba, kuma bugo musu kowane mako ba ya matso da amsa. Mai nema ne ya kamata ya yi magana da bakinsa. Iyaye su yi haƙuri su koma gefe, domin makarantar tana neman wanda zai jagoranci sojoji ne nan da shekara huɗu, kuma mafi girman taimakon da za su yi shi ne su daina tambayar ko an ji wani abu a kowane cin abincin dare.

Hanya ta biyu, wadda za ka gina da gaske

Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Ka nemi jami'o'in farar hula kamar babu wata makarantar soja a duniya, ka cike takardar neman tallafin karatu ta tarayya, ka kuma nemi tallafin shirin ROTC, wanda yake horar da ɗalibi a cikin jami'arsa ya fito da muƙamin da ɗan West Point ko Annapolis yake fitowa da shi. Yawancin jami'o'i suna son amsa zuwa 1 ga Mayu. Idan ranar ta zo ba ka ji komai ba, ka biya kuɗin riƙe gurbi a jami'ar da ka zaɓa, ko da ba za a mayar maka ba. Ni ina ganin ko wanda ya sami gurbin soja ya kamata ya yi tunanin riƙe wannan wuri, domin rauni a makonnin ƙarshe yana iya hana shi shiga.

Wannan lokaci ne kuma na tambayar kai da gaskiya. A manyan makarantun karatun kyauta ne, har da alawus, amma ana biyansa da aƙalla shekara biyar na aikin soja bayan kammalawa, matuƙan jirgin sama kuwa fiye da haka. Wanda yake nema don faranta wa mahaifinsa gara ya gane hakan a Maris, kafin a aske masa kai ranar shiga makaranta.

Amsar da za ta zo ba lallai ta zama e ko a'a ba. Ana iya ba ka wuri a makarantar share fage ta kimanin wata goma, kamar ta sojan ruwa da ke Newport a jihar Rhode Island, inda ake tura waɗanda aka ga suna da abin da ake so amma karatunsu yana bukatar ƙarfafawa, kuma wanda ya karɓa ya yi ƙoƙari yana kan kyakkyawar hanyar shiga a shekara mai zuwa. Idan gurbin ne ya zo, ka amsa kafin wa'adin da aka rubuta, wanda galibi 1 ga Mayu ne, ka sanar da sauran makarantun da ba za ka je ba domin a ba na bayanka.

Idan kuwa ƙi ne, ƙofar sake nema a buɗe take muddin shekarunka ba su wuce ba. Jimmy Carter sai da ya yi karatu a kwalejoji biyu na jihar Georgia kafin ya shiga Annapolis a 1943. Wanda zai sake nema ya tuntuɓi jami'in ɗaukar ɗalibai na yankinsa bayan hada-hadar shekarar ta lafa, ya tambaye shi inda takardunsa suka yi rauni, sannan ya shiga jami'a ya ɗauki darussa irin na shekarar farko a makarantar da yake so, wato lissafi mai zurfi da kimiyyar sinadarai da Turanci, ya shiga ROTC idan akwai. Tsayarwar bara ba ta aiki a bana, saboda haka sai ya sake neman ta daga farko, kuma ofisoshin 'yan majalisa da yawa suna rufe karɓar takardu tun a watan Oktoba.