Yadda Na Dawo da Juriyar Gudu a Lokacin Hunturu

Da hunturu ya kankama a Jos, sanyin asuba da ƙura suka hana ni fita, har ya kai ba na iya gudun kilomita 3 sai numfashina ya sarƙe. Na sauya takalma, na gwada fita da rana, duk a banza.

Motsa jiki a cikin ɗaki ne ya yi mini magani. Nakan fara da tattaki a wuri ɗaya na minti 5 har jiki ya ɗau ɗumi, domin tsallake wannan ya taɓa jawo mini ciwon sharaɓa. Daga nan sai gudu a tsaye, ina ɗaga gwiwoyi zuwa ƙugu na daƙiƙa 30, in huta daƙiƙa 30, har sau 8, ranakun Litinin, Laraba da Asabar. Bayan mako 5 na yi kilomita 5 ban tsaya ba, alhamdulillahi.