Yadda mai famfon zuciya zai motsa jiki a zafin Birnin Kebbi

Famfon zuciya, wanda likitoci ke kira LVAD, na'ura ce da ake dasawa a ɗakin hagu na ƙasan zuciya idan ya gaza, tana janyo jini daga cikinsa tana tura shi cikin babbar jijiya mai raba jini ga jiki. Wanda aka fi dasawa yanzu shi ne HeartMate 3. Duk wanda aka yi wa wannan aiki ya dawo gida, wajibi ne shi da iyalinsa su san abin da ke faruwa a ƙirjinsa idan ya ɗaga ƙafa.

Zuciyar mai lafiya tana ƙara bugu da zarar ya yi sauri, amma famfo yana juyawa ne da gudun da likita ya saita masa, misali zagaye 5,400 a minti, ko mutum yana kwance ko yana hawan bene. Ƙarin jinin da tsokoki ke nema yana samuwa ne daga jinin da ke komawa zuciya da yawa a lokacin motsi, da kuma ragowar ƙarfin ita zuciyar, wadda kan iya buɗe ƙofar babbar jijiya ta tura nata kason. Ɓangaren dama mai kai jini huhu kuwa ba shi da mataimaki, shi ya sa gajiya kan zo da wuri ko da na'urar lafiyarta lau.

Saboda haka kada ka fara sai da izinin likitanka, wanda sau da yawa zai gwada ka da tafiyar minti 6. Fara da tattaki na minti 5 zuwa 10 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ka riƙa ƙarawa sannu a hankali, kada kuma ka tsaya cak a ƙarshe, domin jini kan taru a ƙafafu ya jawo jiri. Kada ka dogara da taɓa jijiyar wuyan hannu, tunda jinin yana gudana ne ba yankewa, bugun kan yi rauni ko ya ɓace. Numfashinka shi ne ma'auni: muddin kana iya amsa gaisuwa da cikakkiyar magana, ba ka wuce iyaka ba.

A ganina zafi ne babban abin tsoro a nan. A Maris da Afrilu yakan haura digiri 40, gumi kuma yana rage ruwan jiki, har famfon ya rasa isasshen jini ya tsotso bangon zuciya, ƙararrawar na'urar ta ɗauka. Ka fita bayan sallar asuba, ka sha ruwa gwargwadon abin da likita ya ƙayyade, batun azumi kuma a tattauna shi da likita tun kafin watan ya kama.

Wayar da ta fito ta fatar ciki, wadda ke haɗa famfon da na'urar sarrafa shi da baturansa, a ɗaure ta kada ta fizgu, a canza bandeji idan gumi ya jiƙa shi. Babu shiga kogi, ko da ranar kamun kifin Argungu ce, domin ruwa na iya lalata na'urar; babu kuma ƙwallo ko kokawa, domin kana shan maganin tsinka jini. Kada ka bar gida sai da batura cike da caji, da wasu na ajiya, da na'urar sarrafawa ta biyu a jaka, tare da abokin tafiya da ya san yadda ake canza su. Idan ka ji jiri, ciwon ƙirji, ko ƙararrawar raguwar gudun jini a famfo ta yi kuka, zauna a inuwa nan take, a kira likitanka.