Darasi na Tara: Yadda Maganin Farfaɗiya Yake Aiki a Jiki

Ƙwaƙwalwar mutum da wata 'yar wutar lantarki take aiki. Ƙwayoyinta suna aika wa juna saƙo dare da rana, kowace a lokacinta. Farfaɗiya tana tashi ne idan wani gungu daga cikinsu ya ɓarke da aika saƙo lokaci ɗaya, babu tsari. In abin ya tsaya a sashe guda, wataƙila mutum ya ƙura ido kawai, ko hannu ɗaya ya riƙa fizga. In ya mamaye ƙwaƙwalwar duka, sai ya faɗi, jiki ya sandare, ya shiga jijjiga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 50 ke da wannan lalura, kuma bakwai cikin goma za su iya daina faɗuwa in sun samu maganin da ya dace. Ba a ɗaukarta ta yawu, ba a ɗaukarta ta taɓa mai ita.

To, ta yaya ƙwayar magani take hana faɗuwa? Manyan hanyoyin biyu ne.

A jikin kowace ƙwayar ƙwaƙwalwa akwai ƙananan ƙofofi. Idan sun buɗe, sinadarin sodiyam, wanda ke cikin gishiri, sai ya shiga, saƙo ya tashi. Fenitoyin da kabamazafin (a kwali za ku ga Epanutin da Tegretol) suna riƙe ƙofar da ta rufe, su hana ta saurin sake buɗewa. Saƙon yau da kullum yana wucewa abinsa, amma mai zuwa a guje, ɗaya bayan ɗaya, shi ake tarewa. An fara amfani da fenitoyin a 1938.

Hanya ta biyu birki ce. Ƙwaƙwalwa tana da wani sinadari da ake kira GABA, aikinsa kwantar da ƙwayoyin. Fenobabiton, wanda wani likita a Jamus ya gano amfaninsa ga farfaɗiya a 1912, ƙarfin wannan birki yake ƙarawa. Shi ya sa yake kawo barci da kasala, musamman a makonnin farko, shi ya sa kuma aka fi shan sa da dare. Abin mamaki, wasu yara ƙiriniya yake sa su maimakon barci. Balfurowet, mai suna Epilim a kwali, yana taɓa hanyoyin biyu.

Yanzu ga inda aka fi yin kuskure. Waɗannan magunguna ba sa cire farfaɗiya daga jiki, danne ta suke yi muddin suna cikin jini da yawan da ya isa. Ku ɗauki bokiti mai 'yar huda a gindi. Kullum kuna zuba ruwa, kullum yana yoyo. Hudar nan ita ce hanta da ƙoda, masu fitar da magani. In kuna zubawa a kan lokaci, ruwan zai tsaya a layi ɗaya. In kun tsallake, zai yi ƙasa. In kun zuba biyu a haɗe don ramuwa, zai yi ambaliya.

Kuma hudar ba girmanta ɗaya ba. Ta fenobabiton ƙarama ce ƙwarai: a jikin babba sai an yi wajen kwana huɗu kafin rabin maganin ya fita, don haka sau ɗaya a rana ya isa. Amma cikar bokitin ma tana ɗaukar mako biyu zuwa uku. Wanda ya sha kwana biyar ya sake faɗuwa, ya ce magani bai karɓe shi ba, ya yi gaggawa. Kabamazafin kuwa ya fi saurin fita, galibi sau biyu ake sha a rana. Fenitoyin shi ne mai wuyar sha'ani: hanta tana kai wa inda ba ta iya ƙara sauri, daga nan ɗan ƙari kaɗan sai ya taru a jini, mutum ya fara jiri, yana tangaɗi, yana ganin abu biyu-biyu. Yakan kuma kumbura dasashi, don haka mai shan sa ya kula da wanke baki.

Daina sha farat ɗaya ya fi komai haɗari. Ƙwaƙwalwa ta riga ta saba da birkin, in an zare shi kwatsam faɗuwa na iya dawowa fiye da da, har ta ƙi tsayawa. Sai an yi aƙalla shekara biyu babu faɗuwa likita yake duba yiwuwar ragewa, kuma a hankali, cikin watanni. Giya da rashin barci suna ta da ciwon ko da ana kan magani.

Mata su saurara da kyau. Fenobabiton, fenitoyin da kabamazafin suna sa hanta ta yi saurin narkar da ƙwayar tazarar haihuwa, sai ciki ya shiga ba a shirya ba. Balfurowet kuma yana iya cutar da ɗan tayi: kusan jariri ɗaya cikin goma yakan zo da nakasa, kamar buɗaɗɗen ƙashin baya. Mai shirin ɗaukar ciki ta je wa likita tun kafin, ya duba maganin ya ba ta folik asid, wani nau'in bitamin. Wadda ta riga ta samu ciki kada ta yanke shan maganin farfaɗiya da kanta, ta je asibiti da wuri.

Ƙuraje bayan fara sabon magani, musamman da zazzaɓi ko gyambo a baki, maganar asibiti ce a ranar. Haka jijjigar da ta wuce minti biyar, ko wadda ta maimaita mutum bai farfaɗo ba. A can ake ba da dayazafam don tsayar da ita. Kafin nan a kawar da abin da zai ji masa rauni, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, in jijjigar ta lafa a kwantar da shi ta gefe. Kada a danne shi, kada a sa masa cokali ko ruwa a baki.

Aikin gida: ku ja layi bakwai a littafinku, ku rubuta ranakun mako. A saman shafi ku kwafi sunan wani magani daga kwalinsa, da lambar da ke kusa da sunan, da lokacin sha. Ku zo da shi darasi na gaba mu karanta tare.