Kurakuran da ke cinye makin ɗalibai a tambayoyin gyaran jimla na Turancin JAMB

Duk shekara idan jarrabawar JAMB ta ƙarato, ajin lesin da nake koyarwa da yamma yakan cika har wasu su zauna a bakin taga. Ranar farko nakan rubuta jimla ɗaya a allo: "The list of successful candidates ___ been pasted." Sai in ce masu "have" su ɗaga hannu, masu "has" su ɗaga. Masu "have" sukan rinjaya nesa ba kusa ba. Idan na nemi dalili, amsar ba ta canzawa: "Malam, ita ta fi daɗi a kunne."

Kunnen nan shi ne babban abin da ke kayar da yaranmu. Ya tashi ne da Turancin da ake yi a ofis da tasha da filin ƙwallo, ga kuma Hausa kwance a ƙarƙashinsa. Masu tsara tambayoyin sun san wannan sarai, shi ya sa zaɓin da ya fi daɗin ji sau da yawa shi ne tarkon. Kuma babu hanyar kauce wa darasin: Turanci tilas ne ga kowa, ko likitanci za ka karanta ko shari'a, shi kaɗai ke da tambayoyi 60 cikin 180, sauran darussa uku kowanne 40. Awa biyu ake bayarwa a gaban kwamfuta, wato idan ka raba, kowace tambaya daƙiƙa 40 ce.

Mu koma ga jimlar allo. Me aka liƙa? Takardar sunaye ce, guda ɗaya. Kalmar "candidates" ta zo ta zauna daf da gurbin ne kawai, ido ya ga jam'i, kunne ya bi. Maganin da nake koya musu mai sauƙi ne: sa yatsa ka rufe duk abin da ke tsakanin sunan farko da aikatau, ka karanta abin da ya rage. "The list has been pasted." Shi ke nan. Haka za ka yi idan ka ga "together with" ko "as well as" ko "along with", domin ba sa mayar da tilo jam'i: "The principal, together with his teachers, is coming." Amma "neither... nor" da "either... or" nasu tsarin daban ne, aikatau yana bin sunan da ya fi kusa da shi. "Neither the driver nor the passengers were hurt", idan kuma ka juya su, "Neither the passengers nor the driver was hurt." Sai tagwayen da ake yawan rikitawa: "a number of students are", amma "the number of students is". Na farko yana nufin ɗalibai da dama, na biyu adadin kansa ake magana a kai, adadi kuwa ɗaya ne.

Inda na fi daɗewa da ɗalibai shi ne wuraren da Hausa ke jan hannunsu ba su sani ba. Wannan ba laifin Hausa ba ne, kowane harshe da nasa tsarin, amma sai ka gane inda suka raba hanya kafin ka daina faɗawa rami ɗaya kullum.

Mu muna da shawara da shawarwari, bayani da bayanai, kaya da kayayyaki. Sai yaro ya ɗauko wannan ya zaɓi "advices", "informations", "luggages", "equipments", "furnitures". Ko ɗaya ba ya cin maki. Waɗannan sunaye ba a ƙirga su a Turanci, ba sa karɓar "s", ba sa karɓar "a" ko "an", ba sa tafiya da "many". Idan guda ɗaya kake nufi sai ka ce "a piece of advice". Labarai jam'i ne a bakinmu, amma "The news is good." Su kuma "police" da "cattle", duk da babu "s" a jikinsu, "are" suke ɗauka.

Sai ƴar tambayar da ake maƙalawa a ƙarshen jimla. A Hausa "ko ba haka ba?" ta wadatar, duk abin da ka faɗa za ta zauna a bayansa. Shi ya sa "isn't it?" ta zama riga ɗaya da ake sa wa kowace jimla. A Turanci kuwa sai ka duba aikatau da lokacinsa da mai aikin: "You came late, didn't you?", "They have gone, haven't they?" Idan jimlar korewa ce, wutsiyar ta zama tabbatarwa. A nan ne ake ɓoye tarko da "hardly", "scarcely", "seldom" da "never", domin korewa ce ba tare da "not" ba: "She hardly eats, does she?" Biyu kuma haddace su za ka yi: "Let's go, shall we?" da "I am late, aren't I?"

Akwai wata ɗaliba da ta yi ta gardama da ni a kan amsar "Haven't you eaten?" Ta dage cewa "Yes, I haven't" daidai ne. Na ce ta faɗa mini da Hausa. Ta ce, "Ba ka ci abinci ba? E, ban ci ba." Sai ta yi shiru, ta ga inda abin ya fito. Mu muna gaskata maganar mai tambaya ne, Bature kuwa yana duba aikin: in ba a yi ba "No, I haven't", in an yi "Yes, I have". Ba a haɗa "yes" da korewa.

"Ina" ma tana da nata aikin. Ina da mota, ina jin ka, ina ganewa, sai su koma "I am having a car", "I am hearing you", "I am understanding". Aikatau na mallaka da sani da ji, irin su "own", "know", "belong", "understand", ba kasafai suke ɗaukar "-ing" ba. "I have a car", "I can hear you". Ka lura dai, "I am having lunch" daidai ne, domin a nan ci ake nufi, ba mallaka ba. Haka "ara mini biro" da "na ari biro", saiwarsu ɗaya a wurinmu, amma a can mai bayarwa "lend" yake yi, mai karɓa "borrow". "Borrow me your pen" ba ta da wurin zama a takardar jarrabawa.

Ƙananan kalmomi irin su "on" da "about" da "to" ba su da wata doka da za ta cece ka. "Tattauna a kan" ita ke haifar da "discuss about", alhali "discuss" ba ta son rakiya, haka "emphasize" da "comprise". Ana cewa "congratulate on", "good at", "prefer tea to coffee", "senior to". Ka buɗe musu shafi a littafinka, duk wadda ka haɗu da ita ka rubuta ta cikin cikakkiyar jimla. A shafin ka ƙara "It is high time we left" da "I look forward to seeing you", suna yawan fitowa.

Wanda ke hangen karatu a Amurka zai haɗu da wani nau'in kuskuren a SAT, jarrabawar neman shiga jami'o'in can. "Walking to the mosque, the rain began to fall." Tambayi kanka, wa ke tafiya masallaci? Yadda aka gina jimlar, ruwan sama ne. Dole wanda ke tafiyar ya biyo bayan waƙafi nan take: "Walking to the mosque, Musa was caught in the rain." Jarrabawar GMAT ta masu neman digiri na biyu a harkar kasuwanci ta daɗe tana da tambayoyin gyaran jimla irin wannan, sai sabon tsarinta na 2023 ya cire su.

Saura halin zama a gaban kwamfuta. Da yawa da sun ga A ta yi kama da daidai sai su danna su wuce, ba su ko kalli C da D ba. Wasu kuma ba sa karanta jimlar har ƙarshe, alhali kalmar da za ta nuna lokacin, "yesterday" ko "since" ko "by next year", tana can a wutsiya. Karanta duka, fitar da biyun da kuskurensu ya bayyana, sannan ka nemi bambancin biyun da suka rage, yawanci harafi ɗaya ne ko biyu. Idan ta ƙi, zaɓi ɗaya ka wuce, ka dawo mata in lokaci ya ragu.

Tsofaffin tambayoyi kuma ba haddar amsoshinsu ake yi ba. Duk wadda ka faɗi, rubuta jimlar da amsar daidai, a gefe ka sa dalilin da Hausa, da kalmominka. Bayan mako biyu ka rufe amsoshin da takarda ka sake gwada su.