Injin matse bulon jar ƙasa: kurakuran da ake ta maimaitawa a Legas da yanda za'a gyara

Jama'a barkanmu da warhaka. Tunda siminti ya yi tashin gwauron zabi, 'yan uwanmu da Allah Ya hore musu ɗan fili a Ikorodu ko Agbado ko can gaba wajen Ota da Ifo suka fara waiwayar bulon jar ƙasa, irin wanda ake matsewa da inji ba'a ƙona shi. Abun ya min daɗi wallahi, duk wanda ya taso a ɗakin tubali ya san sanyinsa da rana. Amma abun dake damuna shine yanda ake ta zubar da kuɗi a kan kurakurai iri ɗaya, mutum ya sauke zane a intanet ya kai wa mai walda a Agege, bayan wata biyu injin na jingine a kango yana tsatsa, sai kaji ana cewa ai bulon ƙasa baya yi a Legas. Yana yi mana.

Kuskuren farko shine ɗaukar duk zanen da aka ci karo dashi ba'a duba na yaushe bane. Injin nan yana da tarihi. Na hannu da kowa ke kwaikwaya, CINVA-Ram, wani injiniya ɗan ƙasar Chile mai suna Raúl Ramírez ne ya ƙera shi a Bogota ta Kolombiya a shekarun 1950, akwatin ƙarfe ne da dogon hannu da ake dannawa. Shi kuma mai haidirolik, wato mai matse ƙasa da ƙarfin mai da famfo ke turawa, da ake yawan gani a YouTube, wanda ake kira Liberator, na ƙungiyar Open Source Ecology ne da Marcin Jakubowski ya kafa, suna aiki a wata gona a jihar Missouri ta Amurka, sun yi samfurin farko a 2007 kuma zanen nasu kyauta ne ga kowa. To daga lokacin sun sake shi sau da yawa, kuma kowane canji matsala ce ta jawo shi. Ƙasa mai danshi tana cushewa a mazurarin sama ta ƙi sauka, sai aka saka mata abun girgizawa. Duwatsu da ɓaraguzai na faɗawa ciki, aka ɗora raga a baki. A da mutum ne ke jan bawul ɗin da ke buɗe wa mai hanya da hannu, daga baya aka ɗora ƙaramar kwamfutar Arduino tana yi da kanta. Kaga in ka ɗauki tsohon zane, ko mai walda yace maka "Alhaji wannan ɓangaren ado ne mu cire", matsalar da mutane suka riga suka sha wahalarta suka wuce ka sayo da kuɗinka. Ka nemi zane na baya-bayan nan, kuma kafin a cire komai a san dalilin saka shi.

Sai maganar ƙarfe, nan ne ma aka fi yin ta'asa. Zanen Amurkawa da inci ake auna shi, mu kuma in ka shiga kasuwar ƙarfe ta Owode Onirin da milimita za'a maka magana. Inda aka rubuta rabin inci, milimita 12.7 kenan, sai mutum yaga na 10 ya fi sauƙi ya saya, ko ma tsohon farantin da tsatsa ta riga ta cinye. Araha bata ado. Da silinda, wato sandar dake matse ƙasar, ta fara dannawa sai bangon akwatin ya buɗe kaɗan, ido ba zai gani ba amma bulo zai nuna maka: ya fito da ciki a tsakiya, gefe ɗaya ya fi kauri, kusurwa na karyewa wajen fitowa, birkila ya yi ta cika kwaɓi yana neman layi. Gyaran shine a zauna a mayar da duka ma'aunan milimita lokaci guda kafin a yanka komai, in babu daidai kaurin a hau sama kar a sauka ƙasa. A ɗiga walda kaɗan-kaɗan tukuna, a saka sukwaya a tabbatar, sannan a cike, saboda zafin walda na janye ƙarfe. Cikin akwatin a goge shi sumul. Kuma tunda yashi na cin ƙarfe a hankali, gara a yi farantan ciki da noti yanda za'a kwance a canza.

Wani abun kuma, ba kowa ke buƙatar mai haidirolik ba. Shi Liberator sai da famfon mai da injin da zai juya shi, ko tarakta ko akwatin injin da suke kira Power Cube, kuma yana cin ƙasa da saurin da lebura biyu da shebur baza su iya ciyar dashi ba. Mai gina ɗaki uku da falo na hannu ya ishe shi, mutum uku ko huɗu zasu buga ɗaruruwa a rana, ba mai ba tiyo mai yoyo. Wanda ke son ya gani da idonsa kafin ya kashe kuɗi, cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta NBRRI nada wajen aikinta a Ota kuma sun daɗe suna aiki kan irin wannan bulon.

Yanzu ƙasar kanta, wadda ita ce komai. Duk kyan inji bazai gyara muguwar ƙasa ba. Baƙar ƙasar sama ta noma ce, a kwashe ta gefe a haƙa ta ƙarƙashi. Yashin wajen Ajah da Badagry baya kama jikinsa, zallan yumɓu kuma tsagewa yake in ya bushe. Kar ka yarda da maganar direban tifa kawai, ka samu kwalba mai haske ka zuba ƙasa zuwa kusan rabi, ka cika da ruwa da ɗan gishiri, ka girgiza sosai ka ajiye zuwa gobe. Tsakuwa da yashi zasu kwanta a ƙasa, laka mai laushi a tsakiya, yumɓu a sama. Ana so yashin ya haura rabi, yumɓun kamar kashi ɗaya cikin biyar. In yumɓu ya yi yawa a ƙara yashi. Kowace tifa a gwada ta, don ramin da aka ɗebo jiya ba lallai shine na yau ba. A tankaɗe ta da raga kuma.

Ruwa ma ana cika shi, saboda leburori sun saba da kwaɓin bulon siminti. Danshi kawai ake so. Ka dunƙula a hannu ka sake shi daga daidai ƙugu, in ya fashe gida huɗu ko biyar ya yi, in ya watse kamar gari ya bushe da yawa, in ya faɗi ya baje bai fashe ba ruwa ya yi yawa. Da damina a rufe tulin ƙasar da leda, in ba haka ba ruwan Yuni zai kwaɓa maka ita tun kafin ka zo.

Siminti kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ake sakawa gwargwadon ƙasar, kuma a danshin Legas ban ba kowa shawarar ya yi babu shi ba. A gauraya a bushe har launin ya zama ɗaya sannan a yayyafa ruwa, a kwaɓa iya wanda za'a buga cikin awa ɗaya. Wanda aka bari aka tafi cin abinci da sallah aka dawo ya riga ya fara kamawa, bulonsa bazai yi ƙarfi ba.

Shanya sabon bulo a rana babban kuskure ne, siminti danshi yake so kafin ya yi ƙarfi. A jera a inuwa a rufe da leda, ana yayyafi aƙalla sati ɗaya, kar a hau gini dashi sai ya kwana 28. Daga nan ka ɗauki guda biyu uku ka jiƙa a bokiti kwana ɗaya, in ruwan ya yi jajur bulon na marmashewa a hannu to a sake duba ƙasa da siminti kafin a ci gaba.

Wajen gini, kar bulon ya taɓa ƙasa. Fandisho da kankare a ɗaga shi sama da inda ruwa ke kaiwa a unguwar, a shimfiɗa leda mai tare danshi, sannan a fara jera bulo. Kwanon rufi ya zarce bango sosai saboda ruwan nan da iska yake zuwa. Filasta mai yawan siminti ɓamɓarewa take daga jikin bulon ƙasa, a yi mai sauƙi. Kuma in a cikin jihar Legas ne filin, a nemi injiniya da izinin gini kafin a fara, musamman mai niyyar ɗora bene, don hukumar kula da gine-gine ta jihar, LASBCA, na rufe gini in babu takarda.