Yadda ake neman tallafin kamfanin jirgin sama don koyon tuƙin jirgi

Kuɗin horon matuƙin jirgin sama ya fi ƙarfin yawancin iyaye a Kebbi, shi ya sa matasanmu ke sa rai da kamfanonin da ke ɗaukar nauyin ɗalibai. Tallafin yana samuwa, amma ga wanda ya bi matakan a jere.

Da farko ka yi gwajin lafiya mai daraja ta 1 wurin likitan da NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ta amince da shi, inda za a duba zuciya da ji da gani, har da iya bambance launuka. Wanda ya gaza a nan babu kamfanin da zai kashe masa ko kwabo, don haka kada a sayar da gonar shinkafa ta fadamar Argungu kafin sakamakon ya fito.

Daga nan sai takardu. Kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta NCAT da ke Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana neman kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da lissafi da fiziks.

Mataki na uku shi ne ka tabbatar ka cancanta kafin ka ɓata lokaci. A 2023 British Airways ya buɗe shirin da yake biyan kimanin fam 100,000 kan kowane ɗalibi, sai dai dole mai nema ya kasance yana da izinin zama da aiki a Birtaniya. Wasu kamfanonin kuma ba sa ɗaukar ɗanyen ɗalibi. Sai ka samu lasisin tuƙin kasuwanci, wanda galibi ke buƙatar awa 200 na tuƙi a sararin sama, sannan su biya maka horon irin jirgin da suke amfani da shi, kamar Boeing 737. Ka nema ta shafin kamfanin kai tsaye, domin duk dillalin da ya ce a turo kuɗin fom ta WhatsApp abin zargi ne.

Idan an ɗauke ka, yarjejeniyar ce wurin natsuwa, domin sau da yawa tallafin bashi ne da ake biya da aiki. Ka kai wa lauya ya duba shekarun da za ka yi wa kamfanin aiki, da abin da za a riƙa cirewa daga albashinka, da wanda zai biya idan ka faɗi jarrabawa ko lafiyarka ta samu matsala ana tsakiyar horo. Idan an nemi mai tsaya maka, a karanta wa mahaifi ko kawun da zai sa hannu wannan sashe da Hausa tukuna.