Yadda Ake Gane Inda Fim ɗin Matasa Ya Karkata

Kafin malami a Garwa ko mai gidan kallo a Marwa, a arewacin Kamaru, ya kunna wa yara fim ɗin saurayi ko budurwa masu tasowa, ya kamata ya san inda fim ɗin ya karkata, da waɗanda ya bai wa baki. Kayan aikin: takarda, biro, agogon waya, da haƙurin kallo sau biyu.

Kallon farko na labari ne kawai. A na biyu, a raba takarda gida huɗu: suna, mace ko namiji, yare da addini, sai mintunan magana. A fim na minti 90 za a tarar mutum uku ko huɗu ne suka kwashe yawancin zancen. A duba su wane ne. Ƙirga fuskoki kaɗai yaudara ce: ana iya cika aji da Bafulatani, Babarbare, da 'yan ƙabilun Mafa da Tupuri, amma wanda ake bai wa hikima kullum shi ne mai Faransanci, mai Fulatanci kuwa ɗan ban dariya ko mai gadi marar suna.

Game da mata akwai gwajin Bechdel na 1985, mai duba ko fim yana da mata biyu da suka yi magana da juna a kan wani abu ban da namiji. Matakin farko ne kawai.

Siyasar fim ta fi ɓuya a mintuna goma na ƙarshe, don haka a nan za a daɗe. Wa aka hukunta, wa ya samu abin da yake so? Yarinyar da ta ƙi aure don ta rubuta BEPC, jarabawar gama ƙaramar sakandare, ta dace ko ta yi nadama? Talaucin gidan an ɗora shi kan lalacin uba, ko kan hukuma, ko kan ƙaddara? A fim ɗin Daratt na Mahamat-Saleh Haroun (2006), bayan an yi afuwa ga masu laifin yaƙi a Chadi, kaka ya miƙa wa jikansa Atim bindiga ya je ya rama kisan mahaifinsa. Yaron ya koyi gasa burodi a hannun makashin, daga ƙarshe ya harba sama. Matsayin fim ɗin yana cikin wannan harbin.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar kalaman mugu a matsayin ra'ayin mai fim. Wani kuma auna komai da ma'aunin siyasar hagu da dama ta Amurka, alhali rigimarmu ta biyayya ga iyaye ce, da boko da allo, da birni da ƙauye.

In fassarar Hausa ce, a nemi asalin, domin mai fassara yakan ƙara nasa. A kuma tsaya har rubutun ƙarshe ya gama wucewa: sunayen waɗanda suka zuba kuɗi suna can, gwamnati ce, ƙungiyar agaji ce, ko asusun Faransa.